Baba na cin abinci shi kaɗai, yana ta ramewa: kaɗaicin ne ko wani ciwo?

Tambaya: Mahaifinmu shekarunsa 76. Tun da Allah Ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa, wata goma sha ɗaya ke nan, shi kaɗai yake cin abinci a ɗakinsa. Gida ɗaya muke, matata ce ke yi masa girki, sau uku ake kai masa, ba a taɓa fashi ba. Amma kwano yakan dawo kusan yadda aka kai shi, ga shi ya rame har agogonsa na yawo a hannu. In na yi magana sai ya ce ya ƙoshi, tsufa ne. Shin cin abinci shi kaɗai zai iya jawo wannan, alhali gidan cike yake da mutane?

Amsa: Allah Ya jiƙan Hajiya da rahama, Ya ba ku haƙurin rashinta, Baba kuma Allah Ya ƙara masa lafiya.

E, zai iya, ɗan'uwa. Cikar gidan da ka ambata kuma ba ta kore hakan ba. A aikina na kula da abincin marasa lafiya, tsofaffin da na fi gani da irin wannan rama suna da 'ya'ya da jikoki birjik. Su ne waɗanda ake kai wa kwano, a dire, a ce "Baba ga abinci", a saki labule a fita. Amma kafin mu ɗora wa kaɗaici laifin duka, akwai abin da ya kamata ya riga.

Ba a kiran ramar tsoho tsufa sai an duba an rasa wani dalili. Ƙa'idar da muke aiki da ita a asibiti ita ce, duk wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara, ba da niyya ba, sai an bincike shi. Mai kilo 60 ke nan in ya sauko 57. Kilo uku ba ya nunawa a ido, babbar riga ma ta isa ta ɓoye shi. Lokacin da agogo ya fara yawo a hannu, galibi an wuce nan. Don haka ka kai shi a auna suga, a auna jini, a duba ƙoda da hanta, a ɗauki hoton ƙirji. Ciwon suga da ba a gano ba yana ramar da mutum, haka tarin fuka, haka ciwon zuciya, haka ciwon daji na ciki ko na hanji. In akwai tarin da ya haura mako biyu, ko gumin dare, ko abinci na tsaya masa a maƙogwaro, ko yana ƙwarewa in ya sha ruwa, ko bayan gidansa ya koma baƙi ko da jini, to ba maganar jira ba ce, cikin makon nan za ku je. Ka tattara duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya da waɗanda aka sayo a kemis, ka tafi da su. Metformin na masu suga yana rage sha'awar abinci, digoxin na masu ciwon zuciya ma haka, wasu magungunan hawan jini kuma suna busar da baki ko su canja ɗanɗano. Sannan ka sa a leƙa bakinsa, don shi aka fi mantawa. Dattijon da haƙoransa ke girgiɗa, ko dasashinsa ke ciwo, ko haƙoran robarsa suka yi masa yawa, ba zai taɓa ce wa ɗansa "ba na iya tauna" ba. "Na ƙoshi" zai ce.

To, mu ce an duba, komai lafiya. Ga abin da ke faruwa.

Jikin tsoho da kansa yake rage kiran abinci. Hanci ba ya jin ƙamshi kamar da, harshe ya dushe, ciki ba ya buɗewa sosai in abinci ya shiga, ba ya kuma saurin sauke abin da ke cikinsa, ga sinadaran da ke gaya wa ƙwaƙwalwa "an ƙoshi" suna tashi da wuri. Likitan tsofaffi John Morley na Amurka ya yi rubutu a kan wannan tun 1988, har ya ba shi suna, rashin cin abinci na tsufa. Abin da ya fi damuna a ciki shi ne wanda Susan Roberts da abokan aikinta na Jami'ar Tufts suka nuna a 1994. Sun rage wa samari da dattawa abinci na mako uku, sannan suka sake su, kowa ya ci yadda yake so. Samarin suka far wa abinci har nauyinsu ya dawo. Dattawan ba su ƙara ci ba, nauyin bai dawo ba. Ka san yadda saurayi yake in ya tashi daga zazzaɓi, tukunya ma tsoronsa take ji. Tsoho kuwa yana ramewa, amma ba ya ramawa. Kwanakin zaman makoki da Baba ya yi ba ya cin kirki, mai yiwuwa har yau jikinsa bai biya bashinsu ba.

In yunwa ta daina kiran mutum, me ya rage da zai kira shi? Sabo, da lokaci, da mutane. Shekara arba'in ko hamsin, Hajiya ce agogon cikinsa. Ita ta san ba ya son miya mai kauri, ita ke cire masa ƙayar kifi, ita ke zama a gefe da mafici tana ba shi labarin unguwa, in ya tsame hannu ta ce "Haba Malam, ɗan wannan?" ya mayar. Matarka tana iya fin Hajiya iya girki, Allah Ya saka mata da alheri, amma wancan zaman ba ya shiga kula a rufe a aika.

Wannan abu an auna shi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, John de Castro, ya riƙa ba mutane littafi su rubuta duk abin da suka ci na kwana bakwai, da ko su wa ke wurin. A sakamakon da ya fitar a 1989, abincin da aka ci da mutane ya fi wanda aka ci a kaɗaice yawa da kimanin kashi 44 cikin 100. Ya kuma gano daga baya cewa yawan mutanen na ƙara yawan cin, kuma abin ya fi ƙarfi in iyali ne ko abokai, ba baƙin ido ba. Babban dalilin ba wani abin mamaki ba ne: zaman ya fi tsawo. Mai ci shi kaɗai loma biyar ya yi, ƙoshin farko ya taso, ya ture kwano. Mai ci cikin hira ƙoshin farkon zai zo ya wuce yana sauraron labari, hannu kuma na komawa. Hausawa sun riga de Castro da daɗewa da suka ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Wanda ya fi kusa da tambayarka shi ne binciken Julie Locher a jihar Alabama, a 2005, kan tsofaffin da rashin lafiya ya zaunar a gida. Duk abincin da aka ci da wani a wurin, an samu ƙarin kalori 114 a kansa. In ka lissafa sau uku a rana, kusan ƙarfin dafaffen ƙwai huɗu ke nan kullum. Kuma ba zama gida ɗaya da wani ne ya kawo ƙarin ba. Kasancewar mutum a wurin a lokacin cin ne.

Japan na cikin ƙasashen da ke bin diddigin wannan sosai, don kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65, har suna da kalma ta musamman ga cin abinci a kaɗaice, koshoku. Akwai wani babban bincike da suke kira JAGES, wanda a 2010 ya tattara bayanan tsofaffi sama da 80,000. Yukako Tani da abokan aikinta sun tarar mazan da kullum su kaɗai suke ci sun fi tsallake abinci fiye da ninki uku. Sun kuma tarar kusan rabin waɗannan mazan ba su kaɗai suke zaune ba, da iyali suke. Da aka bi su shekara uku, mazan da ke zaune su kaɗai kuma suke ci su kaɗai sun fi faɗawa ciwon damuwa fiye da ninki biyu. A lissafin mace-mace kuwa, rukunin da ya fi fitowa fili shi ne na mazan da ke zaune da iyali amma suke ci su kaɗai: haɗarinsu ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na masu ci da iyalinsu. Rai a hannun Allah yake, ba don in tsorata ka na kawo wannan ba. Na kawo ne don ka ga irin zaman Baba shi ne ainihin wanda aka fi saurin rainawa. Tsohon da ke zaune shi kaɗai kowa ya san shi kaɗai ne, maƙwabta na leƙa shi. Wanda ke cikin gida mai mutum ashirin, kowa na zaton wani ya leƙa.

Mai hankali zai ce, ai wataƙila rashin lafiyar ce ta sa mutum ya keɓe, ba keɓewar ce ta kawo rashin lafiya ba. Gaskiya ne, abin na tafiya ta fuska biyu: mai rawar hannu da ke zubar da miya a riga, ko wanda kunnensa ya yi nauyi ba ya bin hira, da kansa yake janyewa. Shi ya sa gwajin da aka yi a Holan ya fi min nauyi. Kristel Nijs ta Jami'ar Wageningen ta ɗauki tsofaffi 178 a gidajen kula da tsofaffi biyar. Wasu aka ci gaba da miƙa musu abinci a faranti an riga an zuba. Wasu kuma aka shimfiɗa musu tebur kamar a gida, aka jera kwanuka a tsakiya kowa ya zaɓa, ma'aikaci ya zauna tare da su, aka hana rabon magani da shige da fice sai an gama. Bayan wata shida, kamar yadda aka buga a 2006, bambancin nauyi tsakanin ɓangarorin ya kai kilo ɗaya da rabi, waɗanda aka zauna da su kuma sun fi riƙe ƙarfin jiki da walwala. Abincin iri ɗaya ne. Zaman aka canja.

Yanzu bari mu dawo gidanka, don yadda kaɗaicin ke shigowa a wurinmu daban yake da na Japan. Mu ladabi ne ke kawo shi. A gidaje da yawa ɗa ba ya sa hannu a kwano ɗaya da mahaifinsa, balle ɗan fari. Suruka kuwa ko ido ba ta haɗawa da surukinta, ina maganar ta zauna yana ci. Kwanon maigida daban ne, a rufe, a ɗakinsa. Wannan tsari bai cutar da iyayenmu a da ba, saboda akwai abin da ke cike gurbin: ciyayya. A tsofaffin unguwannin Kano, Zariya, Katsina, Damagaram, in an idar da magariba ko isha sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko a zaure, akushin kowane magidanci ya fito, a ci na wannan a jawo na wancan. Mutum ɗaya a dare ɗaya zai ɗanɗani kuka, ya ɗanɗani kuɓewa, ya ɗanɗani taushe, wanda kuma gidansa ba a samu nama ba ya samu a kwanon maƙwabci ba tare da kowa ya sani ba. In wani bai fito ba a tura yaro ya dubo ko lafiya. Ka tambayi kanka, abokan ciyayyar Baba nawa suka rage? Wasu sun rigaye mu, wasu 'ya'ya sun ɗauke su zuwa sabbin unguwanni masu doguwar katanga da get. Kunyar ta zauna daram, abin da ke rage mata kaifi ya tafi.

Ba yawan abinci kaɗai ke raguwa ba, har irinsa. Mai ci shi kaɗai yakan zaɓi mai sauƙi: ya shanye kunu ya bar ƙosai, ya tsoma burodi a shayi, ya ɓantari goro, shi ke nan an wuce wurin. A yankin Norfolk na Ingila, wani bincike kan mutanen da suka haura shekara 50, wanda aka fitar a 2014, ya nuna marasa aure da waɗanda abokan zamansu suka rasu sun fi ƙarancin cin kayan lambu iri-iri, musamman maza, musamman kuma in ba su cika haɗuwa da abokai ba. Likitocin can har suna da laƙabin da suke yi wa tsohon da ya koma rayuwa a kan shayi da gasasshen burodi. Mata nasu salon daban ne. Sun iya girki, amma in miji ya rasu, aka fita takaba, 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, sai ka ji "wa zan dafa wa?" Matar da ta shekara hamsin tana tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, hura wuta don cikinta kaɗai sai ta ga kamar ɓarna ce.

Nauyi kuma ba kullum ƙasa yake yi ba. A binciken Japan ɗin nan an ga ƙiba ma ta ɗan fi yawa a mazan da ke ci su kaɗai. Wanda ya koma kan burodi, lemon kwalba, taliyar leda da shayi mai suga cokali huɗu zai iya yin tumbi alhali tsokarsa na narkewa. Tsoka ita ce dukiyar tsoho. Da ita yake tashi daga tabarma, da ita yake ruku'u da sujada, da ita yake tare kansa in ya yi tuntuɓe. Tun daga wajen shekara 30 take raguwa a hankali, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, bayan 60 kuma ta ƙara sauri. In abinci ya yi ƙaranci, ita jiki ke fara ci. Daga nan sai faɗuwa, sai karayar ƙugu, sai kwanciya. Akwai awo mai sauƙi da za ka yi da tef ɗin tela: ka zagaya sha-raɓarsa, wato tsokar bayan ƙwauri, a inda ta fi kauri, yana zaune ƙafa a ƙasa. In bai kai santimita 31 ba, alama ce tsoka ta yi ƙasa, a gaya wa likita. In ƙafar a kumbure take, awon ba zai faɗi gaskiya ba.

Sai zuciya. Baƙin cikin rashin matar da aka yi rabin ƙarni da ita ba ciwo ba ne, kuma ba a sa masa wa'adi. Amma yakan rikiɗe ya zama ciwon damuwa, dattijon Bahaushe kuwa ba zai ce maka yana cikin damuwa ba, zai ga kamar rashin tawakkali ne. Abin da za ka ji shi ne "jikin nan ba daɗi", "barci ba ya zuwa". Ka lura: ya daina fita masallacin da bai taɓa fashi ba? Rediyon da ba ya rabuwa da ita ta yi shiru? Yana yawan cewa shi dai jira yake, ko ya zame muku nauyi? In haka ne, a faɗa wa likita ƙarara. Ana maganinsa, cikin magungunan ma akwai mai buɗe ciki. Haka in ka ga yana mance ko ya ci ko bai ci ba, ko ya zauna ya zuba wa kwano ido kamar bai san me za a yi da shi ba, a duba ƙwaƙwalwa, don cutar mantuwa takan fara nuna kanta a wurin cin abinci.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka je kemis ka ce a ba ka maganin cin abinci. Yawancinsu cyproheptadine ne a ciki, wanda ke sa tsoho barci da jiri da ruɗewa, ya kuma iya riƙe wa namiji fitsari in yana da kumburin mafitsara irin na tsufa. Wasu ma da dexamethasone ake haɗawa, irin sha-ka-fashen da 'yan mata ke sha; fuska ta cika, suga da hawan jini su tashi, tsokar da muke nema kuma ta ƙara narkewa.

Maganin da nake ba ka ya fi wannan araha, ya kuma fi shi wuya, don lokacinka zai ci. Ka zaɓi abinci ɗaya a rana, ɗaya tak, wanda ba za a ƙara barin Baba ya ci shi kaɗai ba. Wanda ka san za ka iya riƙewa, ko karin kumallo bayan an dawo asuba, ko tuwon dare. In kunya ba za ta bari ku haɗa kwano ba, ka shiga da naka kwanon, ka zauna daga gefe. Kada ka ce masa ka zo ne don ya rame. Dattijo ba ya son a mai da shi majinyaci. Ka ce, "Baba, ni ma cin ni kaɗai ya ishe ni," ko ka shigo da wata magana da kake neman shawararsa a kai. Kada ka ƙirga masa loma, kada ka yi ta "ƙara mana, ƙara mana" har abin ya zama rigima. Kada a kawo maganar kuɗi ko rabon gado ko magani a kan abinci. Ka ajiye waya. Ka ba zaman rabin awa, ko da ya tsame hannu tun a minti goma. Sau da yawa za ka ga hannun ya koma da kansa.

Al'adar da ta hana ka haɗa kwano da shi ta bar maka ƙofa ɗaya a buɗe: jika. Tsakanin kaka da jika babu kunya, wasa ne. Yarinyar da yake kira amaryarsa, ko yaron da yake tsokana da cewa ya zo ƙwace masa mata, su ne za su zauna su sa hannu a kwanonsa ba wanda zai ce komai. Sai dai a yi hattara, don an sha yaudarata a nan. Wata rana iyalan wani dattijo suka zo min da murna, kwano ya fara dawowa a share, amma sikeli bai motsa ba. Ashe tsame naman yake yi ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa jikan, shi ya lashi miya. Don haka a zuba wa yaron nasa naman a gabansa, a kuma samu babba yana leƙawa.

Ka kuma nemo wanda ya rage cikin abokansa. Ko sau ɗaya a mako, ranar Juma'a bayan an sauko, a ɗauko shi a mota ko a kai Baba wurinsa, a haɗa musu kwano. Hirar tsara daban take da ta ɗa; akwai sunayen da in ya ambata, abokin nan ne kaɗai ya san masu su. 'Yan'uwanka da ke nesa su daina kira a kowane lokaci, su riƙa kiran bidiyo daidai lokacin cin abinci, a jingine wayar a gabansa, su ma da nasu kwanon. Kada ka raina wannan. A Jami'ar Nagoya, a 2017, an zaunar da tsofaffi suna cin gugguru a gaban madubi, sai suka ce ya fi daɗi, suka kuma ci fiye da waɗanda aka sa wa hoton bango. In ganin fuskar kai a madubi ya yi wannan, ina ga fuskar 'yarsa.

In Baba mai son a kawo masa hujja ne, akwai ta. Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito daga Wahshi ɗan Harb cewa sahabbai sun ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna ci ba sa ƙoshi. Ya ce wataƙila a rarrabe kuke ci, suka ce e. Ya ce su haɗu a kan abincinsu, su ambaci sunan Allah, za a sa musu albarka a ciki. Amma kada a mai da abin tilas, don aya ta 61 a Suratun Nur ta ce babu laifi ku ci a tare ko a rarrabe. Akwai dattijon da tun yana saurayi shi kaɗai yake son cin abincinsa, yana ci yana ƙoshi, nauyinsa na nan, yana fita cikin mutane. Wannan a ƙyale shi. Na Baba daban ne, don ba zaɓa ya yi ba, faɗo masa ya yi. Wata magana kuma da ke kusa da wannan: dattawa da yawa in mata ta rasu sukan ƙara azumin nafila, Litinin da Alhamis da kwana uku na tsakiyar wata. In yana yi, kuma yana kan rama, ko yana shan maganin suga irin glibenclamide ko allurar insulin, a zauna da likita da malamin da yake jin maganarsa, don suga na iya faɗuwa warwas.

Abin da za a zuba a kwanon fa? A rage girman kwano tukuna. Malmala uku a langa tana kashe wa mai ƙaramin ci gwiwa tun kafin ya wanke hannu. A ba shi kaɗan, sau biyar ko shida a rana, kowanne kuma ya zama mai nauyi. Masana abincin tsofaffi sun daidaita a kan furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka, giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, sama da 0.8 da ake ba sauran manya. Mai kilo 60 yana neman giram 60 zuwa 72 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin nono ko kindirmo wajen 8. Kofin dafaffen wake wajen 13. Nama ko kifi mai girman tafin hannu ya haura 20. Ka ga ba sai an yanka rago ba: koko da ƙosai da ƙwai da safe, fura da kindirmo da hantsi, alala ko faten wake da rana, kunun gyaɗa da madara da la'asar, tuwo mai laushi da miyar da aka daka busasshen kifi a ciki da dare. Awara, ɗanwake da ƙwai, kwaɗon zogale da ƙuli mai laushi, duk suna cikin lissafi. In tauna ce matsalar, a niƙa naman ko a dafa shi ya yi lugub. A ƙara cokalin man gyaɗa ko man shanu a miya, a zuba garin madara a kunu. A bar daddawa da citta da ɗan yaji su yi aikinsu, tunda harshe ya dushe. In likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, to lissafin furotin ɗin nan ba nasa ba ne, likitan zai faɗi nasa.

Kuma a sassauta dokoki. Nakan ga tsoho an hana shi gishiri, an hana mai, an hana nama, an hana zaƙi, an bar shi da tuwon alkama da miya salam, sannan a zo ana mamakin ba ya ci. Ga mai shekara 76 da ke zubar da nauyi, ramar ta fi ɗan gishirin haɗari. A koma wurin likitan da ya kafa dokar a tambaye shi wacce za a ɗaga. Ku kuma tambayi 'yan'uwanku mata abin da Hajiya ta saba yi masa wanda ba a ƙara yi ba tun rasuwarta, ko dambu ne, ko miyar yakuwa, ko wani kunu. Matarka ta gwada, ko bai yi kamar nata ba. Ruwa a ajiye masa kusa a riƙa miƙawa, don ƙishirwa ma tana dushewa da tsufa, ga zafin watan Afrilu ba ya tambaya. Sai dai kada ya cika ciki da ruwa ko shayi dab da cin abinci. Tafiya masallaci da ƙafa kuma kada a hana shi don tausayi. Motsi na buɗe ciki, tsoka kuma ba ta karɓar furotin sosai in ba a sa ta aiki ba.

Ka samo sikeli ɗaya ka ajiye a gida. Duk mako biyu ka auna shi da safe kafin ya karya, da kaya marasa nauyi, ka rubuta a littafi tare da awon sha-raɓar. Kada ka sa ran ganin ƙari nan da nan. In nauyin ya tsaya ya daina sauka a wata na farko, an samu abin da ake nema a matakin nan. In kuwa an yi mako shida ana zama da shi, ana ba shi irin abincin nan, sikeli na ci gaba da yin ƙasa, ku koma asibiti da littafin a hannu, ko da gwajin farko ya nuna ba komai, a sake dubawa.